Daji Ba Ya Son Ƙarfe: Wa Ya Ruwaito, Daga Wa?



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Gaya, kuma ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ma suna faɗinta: wai daji ba ya son ƙarfe. Abin nufi, idan ƙari ya fito wa mace a mama, ko wani kumburi ya tsiro wa namiji a wuya, kada a kuskura a kai shi gidan likita, domin da zarar allura ko wuƙar fiɗa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Tsofaffi suna faɗa, samari masu waya a hannu suna faɗa, har wasu da suka yi karatun boko mai zurfi sukan faɗa ranar da ciwon ya shigo gidansu. Wannan magana tana da ƙanwa da ta zo da zamani: wai Turawa sun daɗe da gano maganin kansa, sun ɓoye shi ne don kada kasuwarsu ta mutu.

Ba na cikin masu yi wa masu faɗin haka kallon jahilai, domin abin da idonsu ya gani suke ba da labari. A zauren dattijon da nake riƙe wa alƙalami, ni ke rubuta takardun neman gudummawa idan rashin lafiya ya fi ƙarfin gida, ni kuma ake aikowa in sanar idan an yi rashi. Na san sau nawa ake haɗa kuɗi a sa mutum a mota zuwa Yamai, bayan ƴan makonni a bugo waya a ce sai haƙuri. Wanda ya ga haka sau uku, sau huɗu, in ya ce likita ba ta iya daji ba, bai yi ƙarya a kan abin da ya gani ba. Sai dai akwai tambayar da ba a yi a zaman makoki: yaushe aka tafi?

Ga yadda abin yakan gudana, kuma kowa ya duba unguwarsu ya gani ko na ƙara gishiri. Mace tana wanka sai ta ji wani abu kamar ƙwayar gujiya a mamanta. Ba ya ciwo, ba ya hana ta daka, ba ya hana ta barci. Ta yi shiru wata uku, wata shida, saboda kunya da kuma fatan zai baje da kansa. Sa'an nan ta gaya wa yayarta. A fara da shafe-shafe, a jiƙa saiwa, a sha rubutu. In bai baje ba a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Daga nan a ji labarin wani mai magani a wani ƙauye, ko a tsallaken iyaka, wanda aka ce bai taɓa sa hannu a daji ya gagare shi ba. A sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona. Sai ranar da wurin ya fashe, wari ya hana mutane zama a ɗakin, sa'an nan wani ya ce a gwada likita. A wannan lokaci ciwon ya riga ya aika ƴaƴansa zuwa hanta da huhu da ƙashi. Likita ya yanki ɗan tsoka don a duba a san irin ciwon, bayan wata biyu Allah Ya karɓi abarSa. A wurin gaisuwa sai ka ji wata dattijuwa ta ce, ai an faɗa muku kada a sa mata ƙarfe. Watanni biyun ƙarshe aka lissafa, shekara ɗaya da rabi ta farko kuwa ba wanda ya ɗora wa kowa alhakinta, kuma mai maganin da ya ci kuɗin sa yana nan yana karɓar wasu.

Abin da ya kamata ɗalibin ilimi ya sani shi ne, wannan bambanci tsakanin farkon daji da ƙarshensa ba Bature ya zo da shi ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 ta miladiyya, ya rubuta littafinsa at-Tasrif kashi 30, na ƙarshensu a kan aikin fiɗa. A can ya yi maganar saraɗan, ya nuna cewa idan yana ƙarami, kuma yana wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya kamar mama, to a cire shi, amma idan ya tsufa ya girma, shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ku dubi amanar wannan bawan Allah. Shekara dubu da suka wuce, Musulmi mai wuƙa a hannu yana rubuta iyakar iyawarsa don na baya su karanta. Ku kwatanta shi da mai lasifika a kan mota ranar kasuwa, wanda kwalba ɗaya tasa take maganin daji da basur da ciwon suga da sanyin mata da rashin haihuwa.

Mu da muka zauna gaban malamai an koya mana wata ƙa'ida tun muna yara: ba a karɓar hadisi sai da isnadi. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun haɗu? Mai riƙo ne ko mai mantuwa? An taɓa kama shi da ƙarya? Magabata irin su Yahya ɗan Ma'in sun ƙarar da rayuwarsu suna auna mutane, har mutumin kirki mai yawan ibada sukan ajiye ruwayarsa idan riƙonsa ya yi rauni, ba su ɗauki haka cin mutunci ba. Wannan ilimi na jarhi da ta'adili yana cikin abubuwan da al'ummar nan take alfahari da su. To me ya sa idan aka zo kan jikin matanmu da ƴaƴanmu sai mu jefar da ma'aunin? Murya ta shigo WhatsApp, ba suna, ba gari, ta ce wata mata ta sha ganyen kaza daji ya warke, sai mu tura wa mutum hamsin kafin la'asar. Wace mata? Wane likita ya tabbatar daji ne tun farko, ba maruru ko kumburin nono na shayarwa ba? Mutum nawa suka sha ganyen nan suka mutu? A ma'aunin malaman hadisi wannan ruwaya ce ta wanda ba a sani ba daga wanda ba a sani ba, ko a falalar ayyuka ba za a karɓe ta ba, balle a ɗora rai a kanta.

In an ce a auna, to a auna kowa, har da masu farar riga. Kuma a nan dole a faɗi gaskiya ko da ɗaci: rashin yardar mutanenmu yana da asali. A 1995, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda ta shigo a matsayin kyauta, masu bayarwa ma suna zaton ta gaske ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 suka rasu a dalilin haka. Shekara ɗaya bayan nan, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a kan yara 200 masu sanƙarau, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yarda ya biya dala miliyan 75 a sulhun da ya yi da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka ce a 2003 allurar shan inna tana hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai da aka kawo na Indunusiya aka ci gaba a 2004, kuma a sanadin haka cutar ta fantsama zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Yaman da Indunusiyar kanta. Yaran da suka shanye a wannan tsakani yanzu manya ne, wasunsu suna kan keken guragu a bakin masallatanmu.

Ban da waɗannan manyan al'amura akwai ƙananan da suka fi su cin rai, domin kullum ake yin su. Tsoho ya zo daga ƙauye da matarsa, a bar su tsaye a rana, a yi musu tsawa, a yi Faransanci a kansu kamar kaya. A miƙa masa takardar magani ba a gaya masa sunan ciwon ba. Wanda ya san wani ya shiga, wanda bai san kowa ba ya kwana a baranda. Ba ƙiren talaka ba ne: masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafi a 2003 a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma sunan da suka ba littafin ma yana nufin likitancin da bai iya karɓar baƙo ba. Shi kuwa mai maganin gargajiya zai shimfiɗa maka tabarma, ya ba ka ruwa, ya tambayi mutanen gida, ya saurare ka har ka gama. Mutum ba jiki kaɗai ba ne. Da yawa daga masu guje wa likita wulaƙanci suke gudu, sai su fake da zancen ƙarfe.

Amma ku lura da wani abu guda. Ta yaya muka san labarin allurar jabu ta 1995? Ma'aikatan lafiya ne da ke aikin rigakafin suka ga ruwan bai yi kama da wanda suka sani ba, aka aika aka auna. Ta yaya muka san yara 200 ne a Kano, 11 suka rasu? Domin an rubuta. Akwai suna, akwai rana, akwai adadin abin da aka ba kowane yaro, har ƴan jarida da lauyoyi suka sami abin kamawa. Likitancin zamani yana kuskure, wani lokaci ma yana zalunci, sai dai yana rubuta matattunsa, kuma wanda ya rubuta ana iya kama shi da rubutunsa. Ni dai ban taɓa jin mai lasifika ya zo da littafi ya ce, bara na ba mutum ɗari maganin daji, ga sunayen waɗanda suka mutu ba. Mai ruwayar da yake faɗin inda ya yi kuskure shi malamai suke amincewa da shi. Wanda bai taɓa kuskure ba a bakinsa, shi ake tuhuma.

Masu cewa likitancin zamani bai ci wata cuta da yaƙi ba, sai ciko da cin kuɗi, ina roƙonsu su je su zauna da kakanninsu. Nasarar magani tana da wata illa: idan ta cika sai a manta da cutar, a manta da wanda ya kore ta. Yaron yau bai san agana ba. Mu mun tarar da dattawa masu zanzana a fuska, da makafin da ita ta makantar, kuma duk wanda ya kai shekaruna yana iya ɗaga hannun riga ya nuna tabon lamba a damtsensa. An shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu fa? Da damina ta faɗi sai ka ga majiya ƙarfi kwance, ana naɗe farin zare a tsinke daga ƙafarsu, gona tana ciyawa. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi suna kamuwa da ita a shekara. Yau a duniya duka ba su kai ashirin ba a shekara, kuma an tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da ita a 2013. Wannan ma ba allura ba ce, tace ruwa ne da rijiyar burtsatse da hana mai ciwon shiga tafki. Kuturta, wadda ake raba mutum da danginsa saboda ita, yanzu ƙwayoyi ne na wata 6 zuwa 12, kyauta, ku tambayi mutanen Danja kusa da Maraɗi. An tabbatar da ƙarewar ƙwayar shan inna ta asali a Afirka a watan Agusta na 2020. A watan Janairu na 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa.

Sanƙarau kuwa darasinsa ya fi tsawo. Annobar 1996 ta kama mutum wajen 250,000 a ƙasashenmu na Sahel, ta kashe wajen 25,000. A watan Disamba na 2010 aka fara sabuwar allura a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda aka yi a Indiya musamman domin irin sanƙarau ɗin da ya fi addabarmu, kuma wannan irin ya kusa ɓacewa. Sai ga shi a 2015 wani irin na daban ya tashi a Yamai da kewaye ya kashe ɗaruruwa. Mai shakka ya ce, kun gani, allurar ƙarya ce. Alhali sunan ne ɗaya, ƙwayoyin daban-daban ne, an rufe ƙofa ɗaya wani ɓarawon ya shigo ta wata.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar daji. Kalma ɗaya muke faɗi, amma cututtuka ne fiye da ɗari. Asalinsu dai ɗaya ne: ƙananan halittun da aka gina jiki da su suna da ƙa'idar haihuwa da mutuwa, sai wasu su ɓata su yi ta hayayyafa ba tsayawa, su ci maƙwabtansu, su bi jini su kafa zango a wani wuri. Amma na jini daban, na mama daban, na hanta daban, kuma abin da ke kashe wannan ba ya taɓa wancan. Tambayar ko an gano maganin daji kamar tambayar ko an gano maganin ƙwari ne a gona: na fara ko na tsutsa ko na gara? Akwai waɗanda aka ci ƙarfinsu. Wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yaran Afirka, mai saurin girma ƙwarai, kuma yana cikin waɗanda ƙarin ruwan nan da ake kira kimiyo yake narkarwa cikin makonni idan an zo da wuri. Akwai wani dajin jini na manya da yake kisa cikin ƴan shekaru, tun 2001 aka sami ƙwaya mai suna imatinib da ake sha kullum mutum ya ci gaba da harkarsa. Akwai kuma waɗanda har yau likitoci suke sunkuyar da kai a gabansu, kamar na hanta idan ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Ciwo ɗaya, ilimi ɗaya, abin da ya bambanta shi ne lokacin zuwa da abin da aka tarar a asibiti.

Zancen ɓoye magani kuwa, a tambayi masu shi: wa aka ɓoye wa, wa kuma aka ajiye wa? Faransuwa Mitteran ya mulki Faransa shekara 14, dajin mafitsara ta maza ya kashe shi a Janairun 1996. Sarki Husaini na Jodan ya je babban asibiti a Amurka, ya dawo ya rasu a 1999. Da akwai kwalba a ɓoye a wani ɗaki, waɗannan ne za a hana? A ɗaya gefen ga Jimi Kata, tsohon shugaban Amurka, wanda shi ne ya ɗauki yaƙin kurkunu a kansa. A 2015, yana da shekara 90, aka ga dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki da gashi, aka ba shi wani sabon magani mai zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Ya rayu har ya cika shekara 100, ya rasu a Disambar 2024. Shekaru goma kafin nan, mai irin ciwonsa watanni ake ƙirga masa.

Kwaɗayin kamfanoni gaskiya ne, amma ba a ɓoye yake ba, a kan farashi yake a rubuce. Wajen shekarar 2000 maganin ƙanjamau yana kaiwa dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, mutanen Afirka suna mutuwa alhali maganin yana nan. A 2001 wani kamfanin Indiya, Cipla, ya ce zai sayar a dala 350, kuma a shekarar ce kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu saboda duniya ta yi musu ca. Waɗanda suka ci wannan yaƙi ba cewa suka yi maganin ƙarya ne ba. Cewa suka yi maganin gaskiya ne, kuma muna da haƙƙi a cikinsa. Mai cewa kimiyo guba ce kawai ya sauke wa hukuma nauyi, domin ba wanda zai tambaye ta abin da mutane suka ce ba su so.

Alhali akwai abin tambaya. Ƙasar da take fitar da yuraniyom daga Arlit tun 1971 ba ta sami na'urar gashin daji ta farko ba sai a 2021, a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Shekara hamsin. Kafin nan mai hali ko mai hanya ake fitarwa waje, saura su koma gida. Yanzu ma mutumin Damagaram sai ya yi tafiyar kilomita wajen 900, ya nemi masauki, ya ciyar da mai jinya makonni. An ce maganin dajin mata kyauta ne a doka, amma kyautar da ke takarda ba ta hana a ce maka babu a nan, je ka farmasi ka sayo. Da rabin ƙarfin da muke sawa wajen yaɗa muryoyin WhatsApp muke sawa wajen tambayar wakilanmu yaushe Maraɗi da Damagaram za su sami tasu na'urar, da an ji mu.

Wani zai ce, to ina tawakkali, ina kuma maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Ba mai musun cewa waraka ta Allah ce, likita da boka da malami ba wanda ya mallaki kwana ɗaya na ran wani. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'a, bai ɗauki haka gudun ƙaddara ba. Hadisin habbatus sauda ingantacce ne, sai dai tun da daɗewa malamai irin su al-Khaɗɗabi suka yi bayanin cewa lafazi ne mai faɗi da ake nufin keɓantattun cututtuka da shi, Ibn Hajar kuma ya kawo wannan a sharhinsa na Buhari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubutu a kan magunguna, har da na basur. Wanda ya zuba mai a kwalba, ya manna aya a jiki, ya ce wa mai daji kada ta je likita, ya ɗora wa addini alkawarin da addini bai yi ba, kuma idan ta mutu imanin ƴaƴanta yake girgizawa. A sha zuma, a yi addu'a, a yi sadaka, a kuma tafi da wuri. Ba ɗayansu da ke kore ɗaya.

Itatuwanmu ma ba abokan gabar likita ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu yau daga wani ganye ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Yuyu, ta sami kyautar Nobel a 2015. Ɗaya daga magungunan dajin yara, binkiristin, daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi. Abin da aka yi musu shi ne abin da ake yi wa mai ruwaya: aka auna, aka gwada, aka ƙirga wanda ya warke da wanda bai warke ba, aka san adadin da ke magani da adadin da ke kisa. Mai saiwar da ya yi imani da saiwarsa ya kai ta jami'a a auna. In ta ci, duniya za ta san sunansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, biyu daga cikin dajin da suka fi cinmu suna cikin waɗanda ake tarewa tun a ƙofa. Dajin hanta, wanda ke kumbura cikin magidanci ɗan shekara arba'in a ce sammu ne, mafi yawansa daga ƙwayar ciwon hanta ne da ake ɗauka tun ana jariri, sa'an nan funfunar da ke kama gujiya da masara idan an adana su da danshi ta ƙara masa wuta. Rigakafinsa yana cikin allurar nan mai haɗa cuta biyar da ake yi wa jarirai a cinya a mako na 6 da na 10 da na 14. Taiwan ta fara yi wa jariranta a 1984, kuma dajin hanta a yaranta ya ragu ƙwarai. Uwar da ta fasa komawa awo saboda yaro ya yi zazzaɓin kwana ɗaya ba ta san abin da ta mayar ba. Dajin bakin mahaifa shi ma ƙwayar cuta ce ke kawo shi, yana ɗaukar shekaru goma ko fiye kafin ya zama daji, kuma a wannan tsakani ungozomar asibiti tana iya ganin alamarsa da ɗan ruwan binega cikin mintoci, a kashe wurin tun bai zama komai ba. Allurarsa ta fito a 2006, Ruwanda ta fara yi wa ƴan matanta a 2011, Najeriya a Oktoban 2023. Na san abin da za a ce game da ita, domin an faɗa game da ta shan inna, kuma ƴan matan da aka ɗiga wa waccan a baki yau su ne suke goyo.

Ga likitocinmu kuwa, ƴaƴanmu ne, da kuɗin gero da na awaki aka yi karatun da yawansu. Amana ba a karɓarta da takardar shaida. Ku yi wa tsoho magana da harshen da yake ji. Ku gaya masa sunan ciwon, da abin da za ku iya, da abin da ba za ku iya ba, yadda az-Zahrawi ya yi. Idan lokaci ya ƙure, kada a bar iyali su sayar da gonar marayu a kan ƙarin ruwan da kun san ba zai mayar da komai ba, ku ba shi abin da zai kashe masa zafi ya samu ya yi salla ya yi wasiyya. Kuma ku gaya wa masu jinya a fili cewa jinkiri ne ya kawo haka, domin su ne za su koma gari su ba da labari, kuma abin da suka faɗa a zaman makoki shi mace ta gaba za ta yi aiki da shi.

Sauran magana tana kanmu magidanta. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta, kuma tana tsoron in aka cire mata mama za a yi mata kishiya ko a ba ta takarda. Wannan tsoro yana cikin abin da ke sa ta yin shiru wata shida. Maigida ya gaya wa iyalinsa tun suna lafiya cewa duk wadda ta ji ƙari a jikinta, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan ta daina, ta faɗa a ranar, kuma ba abin da zai taɓa aurenta. Limamai su faɗi haka a huɗuba da sunansa, ba da habaici ba. Matan da aka yi wa aiki suka warke suna nan cikinmu, sun rufe da mayafi sun yi shiru saboda kunya, shi ya sa gari bai san labarin kowa ba sai na wadda ta mutu. Da ɗaya daga cikinsu za ta yarda ta zauna da matan unguwa a gidan suna ta ce, ni ce, shekara bakwai ke nan, ga ɗan da na haifa bayan aikin, to ga ruwaya mai isnadi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.